Yadda Ake Zirga-zirga da Bas a Birnin da Ba Ka Saba da Shi Ba

Bas ɗin cikin birni ba ta san inda za ka ba, kuma ba ruwanta. Tana da hanyarta, tana da wuraren tsayawarta, tana da lokacinta, ko da kai ko ba kai za ta bi su. Haka abin yake tun farkonsa. A shekarar 1662, lokacin da masanin lissafi Blaise Pascal da abokansa suka fito da karusan dawaki na haya a birnin Paris, sabon abin da suka kawo shi ne karusa ta bi hanya guda, ta tashi a kan lokaci, ko ta cika ko ba kowa a ciki. Mai tasi kai kake faɗa masa inda zai kai ka. Bas kuwa kai ne za ka daidaita tafiyarka da tata. Shi ya sa kusan dukkan aikin hawan bas ana gama shi ne kafin mutum ya ɗora ƙafa a kan matakalarta.

Kalmomi biyu da zan riƙa maimaitawa, gara mu daidaita a kansu tun yanzu. Idan na ce matsaya, ina nufin wurin da bas ke ɗan tsayawa a bakin titi ta sauke ta ɗauka. Idan na ce tasha, ina nufin babban wurin da layi ya fara ko ya ƙare.

Abin da za ka rubuta kafin ka fita

Ka samu 'yar takarda, ko ka buɗe wurin rubutu a wayarka, ka rubuta abubuwa biyar: lambar bas, sunan da za a gani a goshinta, sunan matsayar da za ka hau, sunan matsayar da za ka sauka, da kuma sunan matsayar da ake wucewa dab da taka. Na biyar ɗin nan mutane sun fi mantawa da shi, alhali shi ne zai gaya maka lokacin da za ka fara haɗa kayanka.

Hanya mafi sauƙi ta samun waɗannan bayanai a yau ita ce manhajar taswira, irin Google Maps ko Moovit ko Citymapper, ko kuma manhajar hukumar sufurin birnin da kanta. Ka sa inda kake da inda za ka, ka taɓa alamar bas, ta jero maka hanyoyi. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne wani tsarin ajiye jadawali mai suna GTFS, wanda kamfanin Google da hukumar sufurin birnin Portland na Amurka suka fara a 2005, daga baya birane masu yawa suka bi. To amma manhaja abin da aka ba ta kawai take faɗa. Inda hukuma ba ta saka jadawalinta ba, ko ta canza hanya ba ta sabunta ba, manhaja za ta yi shiru ko ta tura ka jiran motar da ta daina bi ta nan. Kuma ka lura da bambancin lokacin da aka rubuta a jadawali da lokacin da aka samo daga na'urar da ke jikin motar. Na biyun yawanci ana nuna shi da wani launi daban ko 'yar alama mai motsi, kuma shi ya fi cancanta ka yarda da shi.

Kafin ka bar inda akwai intanet mai kyau, ka ɗauki hoton allon wayar. Caji na ƙarewa, sabis na ɗaukewa a ƙarƙashin gada, amma hoto ko takarda suna nan.

Idan manhaja ta ba ka zaɓi biyu, ɗaya mai canjin mota sau biyu da zai kai ka cikin minti 38, ɗaya kuma mota guda kai tsaye cikin minti 45, ni dai na biyun zan ɗauka, musamman a ranar farko. Kowane canji wata kafa ce ta kuskure, kuma minti bakwai ɗin da aka yi maka alkawari jira guda ya isa ya cinye su.

Lamba kaɗai ba ta isa ba

Nan ne baƙi suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai. Kowane layi fuska biyu gare shi. Bas mai lamba 14 da ke tafiya gabas da bas mai lamba 14 da ke tafiya yamma launinsu ɗaya, lambarsu ɗaya, titinsu ɗaya. Abin da ya raba su kawai shi ne sunan da ke rubuce a allon goshin motar, wato sunan tashar da ta dosa. Wannan suna ba lalle ne ya yi kama da inda za ka ba. Wataƙila unguwa ce can bayan gari da ba za ka taɓa zuwa ba a rayuwarka, amma dole ka san ta, domin ita ce ke nuna maka alƙibla.

Na taɓa yin wannan kuskure a wani birni da na je aiki na kwana uku. Na riƙe lambar daram, motar ta zo, na shiga, na samu kujera kusa da taga, har ina yaba wa kaina. Sai da gine-gine suka fara gajarta, filaye suka fara bayyana, sannan jikina ya ba ni. Direban da na tambaya bai ma yi magana ba, da babban yatsa ya nuna mini baya. Awa ɗaya da 'yan mintuna ta tafi a banza, kuma abin da ya raba ni da motar da ta dace faɗin titi ne kawai.

Saboda haka ka san hannun da ake tuƙi a ƙasar. A Ingila da Japan da Indiya da Kenya da Afirka ta Kudu ana bin hannun hagu. A Amurka da Faransa da Jamus da Sin da Masar ana bin dama. Ka tsaya a bakin titi, ka dubi motocin da ke wucewa ta layin da ya fi kusa da kai: inda suka dosa, can bas ɗin da za ta tsaya a gabanka za ta dosa. Idan taswira ta nuna inda za ka yana ta bayanka, ka tsallaka. Wannan tsallakawa kuma ita ma tana da nata haɗarin ga wanda ya zo daga ƙasar da ake tuƙi a ɗaya hannun, domin wuyansa ya saba waigawa ɓangaren da ba nan mota za ta fito ba. Ka dubi ɓangarori biyun, ka sake duba.

A manyan mahaɗu, suna guda kan zama na matsaya huɗu ko shida, kowace a wata kusurwa. A Landan ana sa wa kowace harafi a saman sandarta, don haka manhaja za ta ce maka matsaya K ko matsaya D. Inda ba a yin haka, ka karanta jerin sunayen da ke manne a jikin sandar. Yawanci ana jera matsayun da suka rage a gaba ne. Idan ba ka ga sunan inda za ka sauka ba a cikin waɗanda ke biye da inda kake tsaye, to ba a nan ya kamata ka tsaya ba.

Sai kuma haruffan da ake liƙa wa lamba. 14 daban, 14A daban. Sukan bi hanya ɗaya na wani lokaci sannan su rabu. X ko E a birane da yawa na nufin mota mai sauri da ke tsallake ƙananan matsayu. N a Landan da wasu biranen Turai na nufin motar dare. Akwai kuma motar da lambarta daidai ce, alƙiblarta daidai ce, amma sunan goshinta ya nuna a rabin hanya za ta tsaya ta juya. Duk wannan a goshin motar yake, daƙiƙa biyu sun isa ka karanta.

Jadawali da tazara

Layukan bas iri biyu ne, kuma yadda ake mu'amala da su ya bambanta. Akwai layin da mota ke zuwa a kai a kai, misali duk minti 8 ko 10. Wannan ba ya buƙatar duba agogo. Ka fita kawai. Idan motocin na tafiya a tsare, matsakaicin jiranka rabin tazarar ne, wato minti biyar ga layin da ke zuwa duk minti goma. Akwai kuma layin da mota ke zuwa duk rabin awa ko duk awa. Wannan kam dole ka san lokacinsa, ka isa matsaya da minti biyar a hannu, domin bas kan riga lokacinta idan titi ya yi sarari, kuma ba kowane direba ne zai tsaya jiran agogo ba.

Jadawalin da ke manne a matsaya yawanci kashi uku ne: ranakun aiki, Asabar, sai Lahadi da ranakun hutu. A ƙasashen da hutun mako ke faɗawa Juma'a, rabon yakan bi hakan. Ana rubuta lokaci da tsarin awa 24, don haka 17:40 na nufin shida saura minti ashirin na yamma. Wani tarko: a wasu birane lokacin da aka rubuta na tashin mota ne daga tasha, ba na isowarta inda kake tsaye ba, sai ka ƙara mintunan da ke tsakani da kanka. Kuma duk abin da za ka manta, kada ka manta da duba lokacin motar ƙarshe ta dawowa. Tun da safe ake duba wannan.

Yadda za ka biya

Babu wurin da birane suka sha bamban kamar nan, kuma babu wurin da mutum ke jin kunya a bainar jama'a kamar nan: kana tsaye a bakin ƙofa, mutum goma na bayanka, direba na kallonka, kai kuma kana lalube a aljihu. Tambayoyi uku za ka amsa tun kafin ka fita. Da me ake biya? Yaushe ake biya? Tikiti guda har ina yake kai mutum?

Da me ake biya. Motocin bas na Landan sun daina karɓar tsabar kuɗi tun watan Yulin 2014. Sai katin sufurin birnin mai suna Oyster, ko katin banki mai taɓawa, ko waya. A biranen Amurka da yawa ana karɓar tsaba, amma akwati ake zuba wa, kuma direba ba ya ba da canji, don haka sai ka zo da kuɗin daidai. A Hong Kong katin Octopus ake amfani da shi tun 1997, a Istanbul kuma Istanbulkart. Inda har yanzu akwai kwandasta, shi zai zagayo ya karɓa ya yanka maka tikiti, kuma ƙananan kuɗi sun fi yi maka amfani da babbar takarda. Ƙasar Luxembourg kuwa tun 2020 ta mai da hawan bas kyauta ga kowa, baƙo da ɗan gari. Idan za ka yi kwanaki a birni, ka sayi katin birnin a tashar jirgin sama ko babbar tasha a ranar farko, ka zuba masa abin da zai ishe ka, ka huta.

Yaushe ake biya. A Landan sau ɗaya ake taɓa kati, lokacin shiga. A Singafo da ƙasar Holan ana taɓawa lokacin shiga, a sake taɓawa lokacin sauka, domin kuɗin ya danganta da nisan tafiya. Wanda ya manta taɓawar sauka, na'ura za ta cire masa fiye da abin da ya hau. A birane da yawa na Japan ta ƙofar baya ko ta tsakiya ake shiga, a zari 'yar takarda mai lamba, idan an zo sauka a dubi allon gaba a ga kuɗin da ke ƙarƙashin lambar, a biya kusa da direba a fita ta gaba. Amma a tsakiyar Tokyo akasin haka ne, ta gaba ake shiga a biya nan take. Ka ga ke nan ko a ƙasa ɗaya ba a ɗauka cewa an iya.

Akwai kuma tsarin da ya fi cin baƙi tara. A Roma da birane da yawa na Turai, ana sayen tikitin takarda a kanti ko a na'ura tun kafin a hau, sannan idan an shiga sai a zura shi cikin wani ɗan akwati ya buga masa kwanan wata da lokaci. Tikitin da ba a buga ba, a idon doka, kamar babu shi ne. Ba wanda zai tambaye ka a ƙofa, sai ka ɗauka shi ke nan. Masu bincike kan shigo ne ba zato, wani lokaci cikin kayan gida, kuma cewa kai baƙo ne ba ya hana su rubuta maka tara mai ninkin kuɗin tikitin sau da yawa. Ka buga tikitinka da zarar ka shiga, ka ajiye shi har sai ka sauka ka yi nisa.

Har ina tikiti yake kaiwa. A Roma tikiti guda yana aiki na minti 100 daga lokacin da aka buga shi, kana iya canza bas a cikin wannan lokaci. A Berlin awa biyu ne, amma zuwa gaba kawai, ba a komawa da shi inda aka fito. A Landan tun 2016 wanda ya sake hawa wata bas cikin awa guda ba ya sake biya, muddin da kati ɗaya ya taɓa. Wannan sharaɗin na kati ɗaya yana da muhimmanci: idan ka taɓa da katin banki a motar farko, ka taɓa da waya a ta biyu, na'ura mutum biyu ta gani ko da asusun ɗaya ne. Haka nan kada ka manna walat gaba ɗaya a jikin na'urar idan akwai kati fiye da ɗaya a ciki. Ka zaro wanda kake so.

A matsaya

Ka tsaya inda direba zai hango ka, kati ko kuɗi a hannu. A wurare da yawa bas ba ta tsayawa sai an tsayar da ita, don haka idan ka hango lambarka ka miƙa hannu sosai tun tana nesa. Ɗaga hannu inda ba a buƙata ba ya cutar da kowa, rashin ɗagawa inda ake buƙata kuwa sai ka ga bayanta. Ka ja da baya taku ɗaya daga bakin kwalta lokacin da take matsowa, domin madubin gefenta yana leƙowa sama da inda mutane ke tsaye, daidai tsayin kai.

Wata rana za ka yi jiran minti ashirin a layin da aka ce duk minti takwas ne, sai ga motoci biyu ko uku masu lamba ɗaya sun iso a jere kamar raƙuman ayari. Ba sakacin direbobi ba ne. Idan mota ta ɗan makara, mutanen da suka taru a matsaya ta gaba sun fi yawa, ɗaukarsu ya fi cin lokaci, sai ta ƙara makara. Ta bayanta kuwa tana tarar da matsayu an share su, sai ta riƙa wucewa da sauri har ta cim ma ta gaban. Amfanin sanin wannan gare ka shi ne: ta farkon a cike take maƙil, ta biyun kusan babu kowa. Ka leƙa bayan ta farko kafin ka cusa kanka. Sai dai ka ɗaga wa ta biyun hannu da kyau, don direbanta na iya ɗauka ta gaba ta kwashe kowa ya zarce.

Idan kana shakka, ka tambayi direba, amma ka iya tambayar. Kada ka ba shi labarin inda za ka da wanda za ka gani. Ka faɗi sunan matsayar kawai da muryar tambaya, ko ka nuna masa a rubuce idan harshe ya gagara. Matambayi ba ya ɓata, amma mai doguwar tambaya a bakin ƙofa yana tara wa kansa harara.

Cikin mota

Ka bar masu sauka su sauka tukuna. Ka shiga, ka biya, ka matsa ciki, kuma hannu ɗaya ya kama ƙarfe tun kafin motar ta motsa. Bas ta yau da kullum tsayinta kusan mita 12 ne, mai gaɓa biyu kuma kusan 18, kuma idan direba ya taka birki da ƙarfi wanda ke tsaye ba riƙo shi ne ke tafiya. Ka tsaya ƙafafu a ware, gefenka na fuskantar gaban mota, gwiwa a ɗan sake. A mota mai bene, kada ka hau ko ka sauko matakala tana cikin tafiya sai da riƙo biyu.

Kujerun gaba masu launi daban na tsofaffi ne da masu juna biyu da masu buƙata ta musamman. Filin da ba kujeru a tsakiyar mota na keken guragu ne. Mai keken jariri na iya amfani da shi, amma idan mai keken guragu ya zo shi ke da fifiko. Jakar baya a sauke ta a riƙe a gaba ko tsakanin ƙafafu, saboda dalili biyu: ba ka bugun fuskar na zaune da ita duk lokacin da ka juya, kuma ba ka bar wa 'yan sane zik a inda idonka ba ya gani. Su 'yan sane lokacin turereniyar shiga da fita suka fi so, kuma wanda ke tsaye dab da ƙofa da waya a hannu shi ne mafi sauƙi a wurinsu, a fizge a dire ƙofa na rufewa.

Baƙo ya fi kyau ya zauna inda yake ganin allon da ke nuna matsaya ta gaba, ko a gefen taga na ɓangaren da matsayu suke, don ya riƙa karanta sunayensu. Idan babu allo babu sanarwa, ka buɗe taswirar waya ka bi ɗigon da ke nuna inda kake; wannan yana aiki ko babu intanet idan ka sauke taswirar tun da wuri. Ƙirga matsayu da ka ba abin dogaro ba ne, domin duk matsayar da ba mai hawa ba mai sauka direba wucewa yake yi, lissafinka ya rikice.

Sauka

Nan amfanin abu na biyar da ka rubuta yake fitowa. Da zarar motar ta bar matsayar da ke gabanin taka, ka danna maɓalli. Yawanci ja ne, a jikin ƙarfen riƙo. A motocin Amurka da yawa igiya ce da ke bin saman tagogi, a ja ta ƙasa. Za ka ji ƙararrawa, wata fitila ta kama a gaba. Sau ɗaya ya isa. Idan ka danna motar na dab da matsaya, direba ba zai taka birkin da zai zubar da mutane saboda kai ba, sai ta gaba. Kuma wannan ba abin tashin hankali ba ne: tsakanin matsaya da matsaya a cikin gari yawanci mita 300 zuwa 500 ne, tafiyar minti huɗu zuwa shida a ƙafa.

A wasu motoci ƙofar baya ba ta buɗewa da kanta, sai ka danna maɓallin jikinta ko ka tura ta idan fitilar sama ta kama. Kafin ka sa ƙafa ƙasa ka leƙa ɓangaren baya, saboda masu keke da babur kan kutso tsakanin mota da gefen titi. Idan birnin na taɓa kati lokacin fita, ka taɓa. Bayan ka sauka kada ka tsallaka ta gaban motar. Jikinta ya rufe ka daga direbobin da ke wuce ta, shi kansa direbanta akwai wuraren da ba ya gani dab da gabansa. Ka jira ta tafi.

Kafin ka bar wurin, ka yi abu ɗaya da zai sauƙaƙa maka yamma: ka nemo matsayar dawowa da idonka. Sau da yawa tana tsallaken titi, amma idan titin mai hannu ɗaya ne, motar dawowa ta wani titin take bi, kuma nemansa da rana ya fi nemansa da duhu.

Canjin mota da manyan layuka

Idan dole sai ka canza, ka zaɓi canji zuwa layin da ke zuwa a kai a kai. Sauka daga mota don jiran wadda ke zuwa sau ɗaya a awa caca ce. Makarar minti uku a motar farko ta zama zaman minti hamsin da bakwai. Idan tafiyar ta haɗa layi mai yawan motoci da layi mai ƙarancinsu, ka gina lissafinka a kan mai ƙarancin, ka isa wurinsa da wuri.

Wasu birane suna da layukan bas da aka keɓe wa hanyarsu a tsakiyar titi, waɗanda ake kira BRT. Birnin Curitiba na Brazil ne ya fara a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner. Bogota ta buɗe TransMilenio a 2000, Istanbul ta buɗe Metrobus a 2007, Darussalam ta Tanzaniya a 2016. Waɗannan sun fi kama da jirgin ƙasa: a ƙofar matsaya ake biya, dandamalin daidai yake da ƙasan motar, ƙofofi duka suna buɗewa lokaci guda, kuma cunkoson titi ba ya shafarsu sosai. Abin lura a nan shi ne layuka da yawa kan bi hanya ɗaya, wasu na tsayawa ko'ina, wasu na tsallake matsayu biyar a jere, kuma kowane layi da ƙofar da yake tsayawa a kan dandamali. Ka duba allon saman ƙofa kafin ka shiga layin mutane. Ga mai tafiya mai nisa a lokacin fita aiki ko tashi, ƙarin tafiyar minti goma a ƙafa don kai wa ga irin wannan layi ya fi zama cikin motar da ke rarrafe a cunkoso.

Idan abu ya kwaɓe

Ka gane ka hau wadda ba ita ba? Kada ka dire a firgice a wurin da babu kowa. Ka bari sai matsaya mai mutane da haske, ka sauka, ka tsallaka, ka hau mai lamba ɗaya da ke komawa. Idan tikitinka na lokaci ne, wataƙila ma ba sai ka sake biya ba, in ban da inda aka hana komawa baya da shi. Idan ka ga sandar matsaya an rufe ta da leda ko an manna mata takarda mai launi, an karkatar da layin ne saboda gyaran titi ko taro, kuma takardar kan faɗi inda aka mai da matsayar na wucin gadi.

Da dare tazara na ƙaruwa, wasu layuka na tsayawa gaba ɗaya, motocin dare kuma ba lalle su bi hanyar rana sak ba. Ka zauna kusa da direba, a ƙasa idan motar mai bene ce. A wasu birane, irin su Toronto, ana iya roƙon direba da dare ya sauke fasinja tsakanin matsayu biyu don rage masa tafiya cikin duhu. Ka tambaya tun da wuri, ba lokacin da aka iso wurin ba.

Mantuwa kuma tana faruwa ga kowa. Abin da ofishin kayan da aka tsinta zai tambaye ka shi ne lambar layi, alƙiblar da motar ta dosa, lokacin da ka hau da inda ka sauka. Idan da kati ka biya, tarihin katin zai nuna lokacin daidai. Kowace mota kuma tana da lambar kanta, dabam da lambar layi, a rubuce a saman gilashin gaba daga ciki ko a jikinta ta baya. Idan ka tuna jakarka motar na barin matsaya, wannan lambar za ka karanta kafin ta sha kwana, domin da ita za a iya kiran direban ta rediyo tun bai kai tasha ba.